RABON MAI CIKI A TUKUNYA

'Yar uwa, in mutum ya yi ƙiba ko kitse ya taru masa a jini, sai mu ce ai gado ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To amma duka gadon ne, ko da hannunmu a ciki?

Masana sun ce ƙwayoyin gado kamar babbaƙu suke a allo, ba sa canzawa. Sai dai akwai wasu alamomi da ke hawa kansu tamkar wasali, su ke nuna wa jiki yadda zai karanta su, ya ƙona kitse ko ya adana. Abincin mai ciki na cikin masu ɗora wannan wasali.

A 2003 masana a Jami'ar Duke ta Amurka sun ƙara wa ɓeraye masu ciki sinadaran gina jiki, irin su folik asid, sai yawancin 'ya'yan suka fito ba irin ƙibar da aka san zuriyarsu da ita. Ga kuma yunwar da ta afka wa Holan a 1944 zuwa 1945. Waɗanda aka ɗauki cikinsu a lokacin, da suka manyanta an fi samun ƙiba da kitsen jini a cikinsu, har a 2008 aka ga alamar yunwar nan a ƙwayoyinsu. Jikin da ya saba da rashi tun a ciki, ɓoyo yake koya.

To mu dawo gida. A Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa noma muke yi, amma in damina ta yi tsakiya rumbu ya yi ƙasa, wa ke cin ƙarshe? Mace. Tsoka ta maigida, romo na yara, ita sai ƙanzo. In cikin fari ne ma, kunya ba ta barin ta ce tana jin yunwa.

Wannan kawaici ne ko tauye haƙƙin wanda bai da bakin magana? Kar a ɗora wa uwa laifi, don ciyarwa a wuyan miji take. Kuma ba hukunci ne yankakke ba, kula da ci da motsa jiki daga baya na taimakawa ƙwarai.

Zogale, wake, gyaɗa, ƙwai da nono ba su fi ƙarfin gidajenmu ba. Uwar miji, kishiya, maƙwabciya, in za a raba abinci a fara da kwanon mai ciki, mutum biyu ne ke ci. Allah Ya ba mu zuriya mai lafiya, amin.