Wa Ke da Alhakin Karatun Farko na Yaro?

A ce akwai gida biyu a unguwa ɗaya cikin Maraɗi. Maigidan na fari ma'aikaci ne mai albashi. Da ɗansa ya cika shekara 3 ya sa shi makarantar reno, ya biya kuɗi, ya saya masa jaka da takalma. Da safe a kai yaro bisa babur, da rana a ɗauko shi. In ya komo gida ya soma tambaye-tambaye, sai a miƙa masa waya ya yi kallo don ya yi shiru. Uban yakan ce shi dai ya sauke nauyinsa. A gida na biyu akwai wata mai toya ƙosai wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ba ta kuwa da kuɗin makarantar reno. In ta ga 'ya'yan maƙwabta sun wuce da jakunkunansu sai ranta ya sosu, tana gani ta cuci 'yarta.

To, ga tambaya. Na farin ya sauke nauyinsa da gaske? Ta biyun fa, laifi ta yi? Amsar tana rataye ga wata tambaya kuma: mene ne ƙaramin yaro ke bukata ya koya, wane ne kuma yake iya ba shi?

Karatun yaro ba ya jiran ranar da zai riƙe alli. Kafin ya cika shekara 6 ƙwaƙwalwarsa ta riga ta kai wajen kashi 90 cikin 100 na girman ta babba. Cikin waɗannan shekaru yake koyon magana, da sauraro, da jiran layinsa, da bambanta babba da ƙarami, da yarda cewa in ya yi tambaya za a amsa masa. A kan waɗannan ake gina karatu da lissafi daga baya. Gaskiya ne da aka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mutane da yawa sun ɗauka bulala kaɗai karin maganar ke nufi. Tanƙwarawa ta fi yawa cikin hira da wasa.

Akwai abin da ya faru a ƙasar Jamaika wanda ya isa a tsaya a kansa. A shekarun 1986 da 1987, wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka zaɓi yara 129 a unguwannin matalauta na birnin Kingiston. Yaran suna tsakanin wata 9 da wata 24, dukansu kuwa sun tsumbure saboda ƙarancin abinci. Aka kasa su kashi huɗu. Kashi ɗaya ana ba su madara kowane mako. Kashi na biyu ana kai musu ziyara. Kashi na uku suna samun duka biyu. Na huɗu kuwa kulawar asibiti kaɗai suke samu kamar kowa.

Ziyarar ba wani abu mai tsada ba ce. Ma'aikaciyar lafiya ta unguwa takan zo gida sau ɗaya a mako, ta yi kamar awa ɗaya, har shekara biyu. Takan zo da abin wasa da aka haɗa da tarkacen gida, irin su gorar roba da tsumma, ko ɗan littafin hotuna. Aikinta shi ne ta nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta riƙa faɗa masa sunayen abubuwa, ta yabe shi in ya yi daidai. Sai ta bar abin wasan a gidan har mako ya kewayo. Sauran kwana shida aikin uwa ne.

Aka yi ta bin sawun yaran har suka girma. Madara ta taimaka da fari, amma da shekaru suka tura ba a ƙara ganin bambancinta sosai ba. Amfanin wasa da hira kuwa ya zauna. A rahoton da aka buga a 2014, bayan kamar shekara 20, an tarar waɗanda aka yi wa ziyara suna samun kuɗin aiki fiye da waɗanda ba a yi wa ba da wajen kashi 25 cikin 100, har sun kamo tsaransu da ba su tsumbure ba. Wannan ba ya nufin abinci ba kome ba ne, gama yaro mai yunwa ba ya wasa. Abin da ya nuna shi ne, matalautan iyaye mata, da yawansu masu ƙaramin karatu, su ne suka yi aikin da ya sāke rayuwar 'ya'yansu.

Ko mutumin da ya kafa irin wannan makaranta bai nufa ta gaji uwa ba. Wani malami Bajamushe, Friedrich Fröbel, shi ya raɗa mata suna a 1840, sunan da ma'anarsa lambun yara, wanda Faransawa suka juya cikin harshensu har ya iso Nijar. Ya ga yaro kamar tsiro ne da ke bukatar ban ruwa, ya kuma ɗauki wasa a kan babban aikin yaro. Shi da kansa ya wallafa littafin waƙoƙi da wasanni domin iyaye mata su yi da jariransu a gida.

In an duba abin da makarantar reno mai kyau take yi, za a ga kusan duka yana nan cikin gidan Bahaushe. A can ana rarraba abubuwa bisa launi da girma. A gida yarinya tana iya taya uwarta tsince wake, ta ware tsakuwa gefe. A can ana ƙirga 'yan katakai. A gida ana ƙirga ƙosai cikin faranti, ko awaki in sun shigo da maraice. A can ana murza yumɓu don yatsu su yi ƙarfin riƙe alƙalami. A gida ga tuwon ƙasa, ga motar kara, ga carafke. A can malama tana karanta labari. A gida ga tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a bakin kaka, ga kacici-kacici. Abu ɗaya ke mai da waɗannan su zama karatu: babba ya kasance kusa, yana magana da yaron, yana tambayarsa, yana jin amsarsa.

Wani zai ce, ina lokacin? Macen da ta tashi tun asuba, ta yi surfe, ta ɗebo ruwa, ta yi girki, a ce kuma ta zauna wasa? Wannan ƙara tana da gaskiya, kuma ba daidai ba ne a ƙara wa gajiyayye kaya. Amma yawancin abin da ake nema ana yinsa ne cikin aikin da ake yi dā ma. Mai goyo tana iya gaya wa na bayanta abin da take dakawa. Sauran nauyin kuwa na uba ne. Uban da ke da awa biyu na zaman majalisa a bakin titi ba zai ce ba shi da minti goma na sauraron ɗansa ba. Kaka da yayye da maƙwabta su ma suna da rabo, gama ɗa na kowa ne. Matan zumunta da ke zagaya gidaje gaishe da masu jego suna iya yin irin abin da ma'aikatan Jamaika suka yi.

Akwai kuma al'adu biyu da ya kamata a auna. Ta fari kunyar ɗan fari. Kunya ado ce, amma in ta hana uwa yi wa jaririnta magana, to, wajibi ne a tabbata akwai wani a gidan da ke yi masa. Jariri bai san kunya ake yi ba, shiru kawai yake ji. Ta biyu sabuwa ce, wato rarrashi da waya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban kallo, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Dalili a fili yake: waya tana magana, amma ba ta jin abin da yaro ya ce, balle ta amsa.

Duk wannan ba kushe makarantar reno ba ne. Tana koya wa yaro zama da waɗanda ba 'yan gidansu ba, tana shirya shi don lakwal, mai hali ya kai ɗansa. Sai dai ta zama mataimakiya. Malama ɗaya da yara cike da aji ba za ta iya jin tambayar kowane ɗaya ba, kuma awoyin da yaro ke yi a gida sun ninka na makaranta.

Saboda haka maigidan na fari ya biya abin da kuɗi ke iya biya, ya kuwa kyauta, amma da sauran bashi a kansa. Yaro amana ne, akwai kuma sashen amanar da ba a iya wakilta kowa a kai. Mai ƙosai kuwa ba ta cuci 'yarta ba, muddin tana zaunar da ita kusa da kasko nesa da wuta, tana sa ta ƙirga, tana amsa tambayarta ko da ta goma ce. Abin da za a tambayi kowane gida shi ne, yau wa ya zauna ya saurari yaron nan?