Mutumin Da Ya Kasa Ɗaukar Fartanya: Ina Darajarsa?



Idan ruwan shuka ya sauka, tun da asuba ƙauye yakan watse, kowa ya nufi gona. Amma da wuya a rasa magidancin da ba ya fita. Ba karaya ya yi ba, ba zazzaɓi ne ya kwantar da shi ba. Yana zaune a zaure, barci ya ƙaurace masa, tuwo ba ya shigarsa, ciyawa ta cinye gonarsa. Akwai kuma macen da tun da ta haihu ba ta da aiki sai kuka. Shi mukan ce rago ne, ita kuwa mu ce sammu aka yi mata. Tambayar da ke gabanmu ita ce: ashe darajar mutum a damtsensa take, in ya kasa aiki ta tafi?

Mu fara sanin girman al'amarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019, kashi 15 cikin 100 na waɗanda suke cikin shekarun aiki a duniya suna fama da wata cutar ƙwaƙwalwa. A bisa wannan lissafi, cikin mutum 20 da suka fito gayya ana iya samun 3 masu ɗauke da ciwon da ido ba ya gani. Yawancinsu ba masu yawo a kasuwa ba ne. Ciwon damuwa da na fargaba ke cinsu a ɓoye. A karkara kuwa abubuwan da ke hura wutar ba su da wuyar gani: fari, ambaliya, bashin taki, harin 'yan bindiga, da ƙwayoyi irin su tiramol da samari ke sha don jure wahalar aiki.

Magani kuma yana da nisa. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, da na Kware kusa da Sakkwato, da na Maiduguri, ba kowane manomi ke da kuɗin motar zuwa can ba. Don haka idan ciwo ya tsananta, iyali sukan sa ɗansu a mari, su kulle ɗaki. Mun san tsoro da talauci ne suka kai su ga haka, ba mugunta ba. Duk da haka mari bai taɓa warkar da kowa ba. A shekarar 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma amince da haƙƙin marasa lafiya. Sai dai doka ba ta shiga ɗakin da aka kulle. Zuciyar maƙwabci ce ke shiga.

In da aiki ne ma'aunin daraja, da jariri da tsohuwa ba su da ko kaɗan, alhali muna goya wannan, muna durƙusa wa waccan. Eklesiya tana koya mana cewa cikin kamannin Allah aka halicci mutum, kuma wannan kamanni ba ya gushewa don hankali ya gushe. Waliyyi Yohanna na Allah, wanda ya rasu a 1550, shi kansa an tsare shi a sashen masu taɓin hankali a Garanada ta ƙasar Sifen, ya sha ɗauri da bulala. Da ya fito sai ya ba da sauran ransa ga jinyar marasa lafiya.

Wani zai ce, addu'a ba ta isa ba ne? Idan ƙafa ta karye muna addu'a, muna kuma kiran maɗori, ba wanda ya ce bangaskiyarmu ta raunana. Ƙwaƙwalwa ma gaɓa ce. Ƙauye kansa yana iya zama rabin magani: a 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, kowa tare da ɗan'uwansa, suna karɓar magani suna zaune cikin mutane.

To, me ya rage mana? Mu yi wa gonarsa gayya kamar yadda muke yi wa mai karaya. Katakis da Zumuntar Mata su riƙa leƙa gidan. Mu haɗa kuɗin mota, mu raka shi asibiti, mu lura kada ya yanke shan magani don ya ji sauƙi. In ya ambaci gajiya da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin feshi daga ɗakin, a nemi ma'aikacin lafiya ba da jinkiri ba. Mu hana yara binsa da jifa, mu hana bakinmu kiransa mahaukaci, mu ajiye masa wurin zamansa ranar Lahadi.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ubangiji ya ba mu idon ganin ɗan'uwanmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.