Gani Ya Kori Ji, Amma Wa Mu Ke Son Gani?

Kowane mai son waƙa ya na da mawaƙan da ya ke burin gani ido da ido. Tambayi dattijo a Rimin Gado, zai lissafo maka Ɗanƙwairo, Shata, Barmani Choge da Ɗanmaraya. To, mutuwa ta riga shi: 1991, 1999, 2013, 2015. Sai dai kaset.

Amma shin adalci ne mu riƙa begen waɗanda su ka tafi, alhali mai gangar noman da ke zuga samari a gayya ya na tsufa a bayan gidan mu, ba mai kula shi? Shata ma ai a Musawa ya fara. Jama'a, burin da ya tsallake maƙwabci son suna ne, ba son waƙa ba. Mu je mu gan shi tun ya na raye.