Yaro ma yana da tsohuwar unguwa

Idan wa'adin haya ya cika, ko aka canza wa maigida wurin aiki, ko Allah Ya hore aka gama gini a can Danbare ko Rijiyar Zaki, lissafin manya sananne ne: kuɗin mota, kuɗin 'yan dako, akwai ruwa, akwai wuta. Yaro kuwa ba ya cikin lissafin. Sai dai ya farka ya ga ana kwance gado. In ya yi kuka a ce ba shi da godiya, ga sabon gida har da tayil.

Shin kewar tsohon gida rashin godiya ce? Ni dai ban ga haka ba. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa da aka isa Madina zazzaɓi ya kama Sayyidina Abubakar da Bilal, har Bilal yana ambaton kwaruruka da duwatsun Makka saboda bege. Manzon Allah (SAW) bai ce imaninsu ya yi rauni ba. Addu'a ya yi, Allah Ya sa musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. Manya ke nan fa, waɗanda suka yi hijira don Allah. To ina ga ɗan shekara 7 da ko shawara ba a yi da shi ba? Duniyarsa duka ita ce ƙofar gidan nan, da mai shagon lungu, da malaminsa na Islamiyya, da abokin da suke buga ƙwallo.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙaryar lallashi. "Unguwa kawai za mu je." "Gobe za mu dawo." Abu Dawud ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi yana ƙarami a kan za ta ba shi wani abu. Annabi (SAW) ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Sai ya sanar da ita cewa da ba ta da niyyar ba shi komai, da an rubuta mata ƙarya. Wani zai ce, Malam, ai wannan maslaha ce, don kada ya yi kuka. Wuraren da aka yi rangwame sanannu ne: yaƙi, sulhu tsakanin mutane, da zancen ma'aurata. Wannan ba ya ciki. Kuma ku duba asarar. A sabon gida komai baƙo ne a wurin yaro, abu ɗaya da ya sani tun da shi ne maganar babansa da mamarsa. In ita ma ta zama ba abar dogaro ba, me ya rage masa?

Ku tuna Ummu Khalid, wadda aka haifa a Habasha ta zo Madina tana 'yar yarinya. Annabi (SAW) ya sa mata riga mai ado, yana yaba adon da kalmar Habasanci mai ma'anar kyakkyawa. Da yaren garin da ta baro ya faranta mata rai. Bai nemi ta manta da shi ba.

Saboda haka a gaya wa yaro da wuri, a gaya masa dalili daidai hankalinsa. A kai shi ya yi sallama da malaminsa da maƙwabta. Ya ɗauki allonsa da kayan wasansa da hannunsa, ko da a idonka tarkace ne. In kun yi alkawarin ziyara, ku cika.

Akwai kuma yaran da ba su samu ko sallamar ba, irin waɗanda 'yan bindiga suka taso daga ƙauyukan Zamfara da Katsina. In ɗayansu ya sauka a layinku, ka ce wa ɗanka ya je ya kira shi, su tafi Islamiyya tare.