Mai Buga Ƙofa Kullum da Mai Riƙe da Takardun Gida

 

Ya ku 'yan'uwa, tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin ɗauko kaya daga Kano da Onica zuwa Jimeta ya hau, ciniki kuma ya ja baya. Ambaliyar Yuli 2025 ta zo ta ƙara wa 'yan'uwanmu na Shagari da Yolde Pate nauyi. A watannin nan, koken da ya fi yawa a gaban kwamitin masallaci iri ɗaya ne: mutum ɗaya, bashi biyu.

Na farko shi ne rancen da ake biya kullum ko duk mako, wanda ma'aikacin mai ba da rance yake zuwa da babur da littafinsa har bakin rumfa, ko har ƙofar gida ya yi sallama da uwargida. Na biyu kuma bashin gida ne: ko gidan da aka saya ana biya kashi-kashi, ko wanda aka jinginar da takardunsa don a ƙara jari.

Abin da muka lura shi ne, mai buga ƙofa shi ake fara biya. Ba don hakkinsa ya fi ba, sai don kunya. Ba wanda yake so a tsaya masa a kai a tsakiyar kasuwar Jimeta, maƙwabtan rumfa suna ji. Shi kuwa mai riƙe da takardun gida ba ya zuwa, wasiƙa kawai yake aikowa, a sa ta ƙarƙashin katifa. Wata uku, wata biyar, tara tana hawa. Ranar da zai zo kuwa, ba kunyar kasuwa za a ji ba, iyali ne za a ce su kwashe kaya.

Mu yi ɗan lissafi. A ce ɗan'uwa yana ba mai littafi naira 3,000 kullum, kwana 26 a wata. Naira 78,000 ke nan. A ce kuma kason gidansa 60,000 ne a wata, ya kasa biya. To ashe kuɗin gidan yana fita daga aljihunsa duk wata, ta wata ƙofa dai yake fita. Da za a rage masa zubin kullum zuwa 1,500, a ƙara masa wa'adi, da 39,000 ta saura masa ya kai wa mai gida.

Wani zai ce, ai neman ragi zubar da mutunci ne. Mu dubi abin da ya faru a masallacin Manzon Allah (SAW), kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Ka'abu ɗan Maliku ya tare Ibnu Abi Hadrad a kan bashin da yake bin sa, muryoyi suka ɗaga har Manzon Allah ya jiyo su daga ɗakinsa. Ya ɗaga labule ya kira Ka'abu, ya yi masa nuni da hannu cewa ya yafe rabi. Ka'abu ya amsa nan take. Sai ya juya ga wanda ake bi, ya umarce shi ya tashi ya biya sauran. A lura da abu biyu. Ba a ɓoye maganar ba, kuma ragin bai zama dalilin kwanciya ba. Haka ma Jabir ɗan Abdullahi, da mahaifinsa ya yi shahada a Uhudu ya bar masa bashi da ƙanne mata, bai yi shiru ba, ya nemi masu bin bashin su sassauta, har ya kai maganar ga Manzon Allah.

Saboda haka, kada a jira mai littafi ya zo rumfa. Shi ɗan aike ne, ba shi da ikon rage ko kwabo. A je ofishinsu, a tafi da dattijo ɗaya, a nuna musu abin da ke shiga da abin da ke fita, a faɗi adadin da za a iya biya da gaske, ba wanda za a faɗa don a rabu lafiya ba. A tambaya sarai: in an ƙara wa'adi, za a ƙara kuɗin ruwa ne? Nawa ne uwar kuɗi, nawa ne ƙari? Duk abin da aka daidaita a rubuta, a sa hannu, a riƙe kwafi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Sannan a wannan makon dai a je wajen mai takardun gida, ko da rabin kaso ne a hannu.

Abu ɗaya muke roƙo da babbar murya: kada a ci sabon rance don a biya tsoho, balle na manhajojin waya masu aika wa surukai da abokan ciniki saƙon cin mutunci. Hukuncin wanda ya riga ya shiga rance mai kuɗin ruwa kuwa, a sami Malam Liman, kowa da halinsa.

Su ma alhazanmu masu ba da kaya bashi, aya ta 280 a wannan sura tana magana da su: a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, yafewa kuma ta fi. Amma wanda yake da halin biya yana ja wa mutane rai, hadisi ya kira wannan zalunci; kada ya laɓe a bayan masu ƙunci.

Waɗanda bashi ya yi wa katutu suna cikin mutum takwas da aka ambata a rabon zakka, a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Masu fitar da zakka a bana su tuna da wannan. Kwamiti zai zauna gobe Asabar bayan La'asar a ofishin masallaci, ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban jama'a ba. Mata su aiko ta hannun malamar Islamiyya. A zo da littafin zubi da duk wasiƙun da aka aiko kan gida.