Nauyin Alkawari a Kan Wanda Ba Ya Iya Tashi

Ɗan'uwa, sau nawa ka ce wa wani “ina zuwa gobe” alhali ba ka tabbata za ka je ba? Mai ƙafa idan ya gaji da jiranka sai ya kama hanyarsa. Amma akwai wanda laka ta sami rauni a wuyansa, hannuwa da ƙafafu suka shanye gaba ɗaya. Shi ba ya iya tashi ya nemi wani. Inda ka bar shi, nan za ka tarar da shi.

Dubi yadda yininsa yake. Ana bukatar a juya shi a kan gado kusan kowane awa 2, in ba haka ba fatarsa ta mutu a inda nauyin jiki ya danne, gyambo ya buɗe, wanda yakan ɗauki watanni kafin ya warke. Kekensa, in mai batir ne, sai an yi masa caji. In taya ta lalace, sai makaniki ya zo. Ranar da mai gyara ya ce “sai jibi”, ba ya zuwa sujada, ba ya ganin likita, ko inuwar ƙofar gida ba ya kaiwa.

Ga tambayar da ya kamata ta dame mu: wanda ake taimakonsa kyauta, yana da ikon yin ƙorafi idan taimakon ya makara? Da yawa cikinmu mukan ce a zuci, ai alheri nake yi masa, ba bashi yake bina ba. Gaskiya ne kafin ka yi alkawari. Amma daga lokacin da ka ce za ka zo, ya daina neman wani, domin ya dogara gare ka. Maganarka ta rufe masa sauran ƙofofi. Shi ya sa magabata suka ce alkawari kaya ne. Abin da ya fi ciwo kuwa, sau da yawa yakan haɗiye fushinsa ya yi maka godiya, don tsoron kada ka daina zuwa ɗungum. Godiyar da tsoro ya haifa ba abin da mai bi zai yi fahariya da ita ba ne.

Ka tuna mutumin nan na bakin tafkin Betasda cikin Bishara ta Yohanna sura 5, wanda ya shekara 38 yana ciwo. Ruwan yana gabansa. Abin da ya rasa shi ne mutumin da zai sa shi ciki a kan lokaci. A Markus sura 2 kuma, mutum huɗu ne suka ɗauko shanyayye a Kafarnahum, har suka buɗe rufin ɗaki suka zura shi gaban Yesu. Lura da adadinsu. Mutum ɗaya yakan gaji, yakan yi ciwo, yakan yi tafiya, kuma ba laifinsa ba ne. Laifin ikkilisiya ne idan ta bar kayan mutum huɗu a kan mutum ɗaya, wanda galibi mata ce ko uwa.

Joni Eareckson Tada ta Amurka ta karye a wuya a 1967, tana da shekara 17, sa'ad da ta yi tsalle cikin ruwa marar zurfi. Ta koyi zane da buroshi a baki, ta rubuta littattafai, a 1979 ta kafa ƙungiyar Joni and Friends, wadda take raba kekunan naƙasassu a ƙasashe da dama. Duk wannan aiki ya tsaya ne a kan hannuwan da suke zuwa kowace safiya su tashe ta, su yi mata wanka, su zaunar da ita a keke.

Saboda haka, kada ka yi alkawarin da ya fi ƙarfinka. Gara ka ce “Talata kaɗai zan iya”, ka kuma zo Talatar. In abu ya hana ka, ka aika da wuri, ka nemo wanda zai tsaya a madadinka. In ya yi maka ƙorafi, ka saurara ba tare da fushi ba.

Ya Ubangiji, ka mai da mu mutanen da marasa ƙarfi za su iya jira ba tare da fargaba ba. Amin.