Kaifin Kibiya da Kaifin Zuciya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Halitta (SAW).

A ƙasar Arewa, daga Ɗan Kassari zuwa Dogonduci, maharbi na kirki ba ya shiga daji sai ya wasa bakin kibiyarsa. Yana gwada ta a kan fata. In ba ta yanka da ɗan taɓawa ba, sai ya koma kan dutsen washi.

Shari'a ma ta nemi haka. Sayyidina Adiyyu ɗan Hatim (RA) ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da farauta, sai ya halatta masa abin da kaifi ya huda, ya hana shi abin da ya mutu da bugun faɗin makami, domin mushe ne. Aya ta 3 a Suratul Ma'ida ta haramta dabbar da duka ya kashe. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu (RA) kuma ya yi umarni da wasa wuƙa don a hutar da abin yanka. Kibiya dakusasshiya takan bar barewa ta gudu da rauni, ta mutu cikin azaba, maharbi ya koma gida hannu banza.

Haka lamarin muridi yake. Zikiri kibiya ne, gafala tsatsa ce. Wanda harshensa ke wuridi alhali zuciyarsa tana kasuwa ya harba, amma bai huda hijabi ba. Dutsen washinsa shi ne istigfari, da salati, da ladabi ga Shehu.

Allah Ya wasa zukatan 'yan'uwa da ambatonSa. Amin.